Dogo Ko Madugu: Wa Ya Kamata a Fara Ɗauka?

A ce yau mai koyar da 'yan wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar Gombe Bulls ya kama hanyar Dadin Kowa, ya yada zango a Kwadon, aka kawo masa samari biyu, alhali gurbi ɗaya ne tak ya rage masa. Na farko zankalele ne, sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure, amma bai fi shekara guda da fara taɓa ƙwallo ba. Na biyu kuwa tsawonsa bai wuce na sauran jama'a ba, sai dai tun yana firamare ƙwallo take hannunsa, in ya riƙe ta kamar mai ido a ƙeya, ya san inda kowane abokin wasansa yake ba tare da ya waiwaya ba. To, wanne zai ɗauka?

Wannan tambaya ita ce ta fi kowace hana shugabannin manyan ƙungiyoyin Amurka barci, ta ɗaukaka waɗansu, ta raba waɗansu da aikinsu. Abin da ya sa ta shafi masu karatun wannan fili kuwa shi ne, sau da yawa in an tashi yin gardamar, ɗan Nijeriya ne yake tsaye a tsakiyarta.

Ga yadda abin yake. A gasar ƙwararru ta NBA ba a barin ƙungiya mai kuɗi ta kwashe sababbin 'yan wasa yadda ta ga dama. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyi 30 na gasar sukan zauna su yi zaɓe bi da bi, zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke kan gaba, bayan an jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Watau ƙungiyar da ta samu zaɓen farko, shekara guda ta yi tana shan dariya kafin ta same shi, in kuwa ta yi kuskure sai ta sake zaman jiran wata shekarar. Gasar ƙasar nan ba ta da irin wannan tsari, kowace ƙungiya takan nemo 'yan wasanta da kanta, amma tambayar tana nan daram, a Gombe ko a Kano ko a Chicago.

Cikin mutum biyar da ke fili, biyu ne ake wannan ja-in-ja a kansu. Akwai wanda ake kira lamba biyar, watau dogon da ke zaune gindin kwando, yana kakkaɓe ƙwallon abokan gaba, yana cafe wadda ta dawo daga allo, yana zuba ta kusa. Akwai kuma lamba ɗaya, wanda ya fi dacewa a kira shi madugu, domin aikinsa bai bambanta da na madugun fatake ba. Shi ne ke ɗauko ƙwallo daga gida ya haye da ita tsakiyar fili kafin daƙiƙa 8 su cika, shi ke kiran salon da za a yi, ya san wanda hannunsa ya yi zafi da wanda ya gaji, kuma dole ya ga an jefa kafin daƙiƙa 24 su ƙare. Ayarin da ba shi da madugu, ko raƙumansa sun kai ɗari, a dawa zai kwana.

Hujjar masu son dogo ba ta banza ba ce. Kwando dai ƙafa 10 yake daga ƙasa tun ranar da aka ƙago wasan cikin 1891, kuma bai sauko ba har yau. Masu koyarwa a Amurka suna da wata magana cewa ana koya wa yaro jifa da gudu da dabara, amma ba a koya masa tsawo. Mutum mai ƙafa shida ana samunsa a kowace unguwa, mai ƙafa bakwai kuwa sai a zaga jiha guda ba a ga ɗaya ba. Saboda haka, in ji su, in Allah ya kawo maka shi sai ka riƙe, madugu ka same shi gaba.

Ba a taɓa samun shekarar da ta gaskata wannan magana kuma ta ƙaryata ta a dare ɗaya kamar 1984 ba. Ƙungiyar Houston ce ta ci ƙuri'ar zaɓen farko, ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko. Yaron nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, ɗan wasan ƙwallon hannu ne kuma, kuma ba kowa ya sani ba cewa gasar ƙwallon kwando ta farko da ya shiga a Sakkwato aka yi ta, a bikin wasannin makarantun horon malamai, inda ya je da niyyar ƙwallon hannu aka roƙa ya taimaka wa 'yan kwando. Houston ba ta yi da-na-sani ba. Ya kawo mata kofi cikin 1994 da 1995, a shekarar farkon ma shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon masu tsaro, shi ne kuma gwarzon wasan ƙarshe. Ya bar wasa da kakkaɓe ƙwallo 3,830, adadin da ba wanda ya kai tun da aka fara ƙidaya.

Ƙungiyar Portland ita ce ta biyu a wannan dare. Ta duba ta ga tana da Clyde Drexler a gefe, abin da ta rasa dogo ne, sai ta ɗauki Sam Bowie, wanda tun yana jami'a ya yi shekara biyu bai yi wasa ba saboda tsagewar ƙashin ƙwauri. Chicago ta ɗauki wanda aka bari, watau Michael Jordan, ya kawo mata kofi shida. Bowie kuwa ƙafar nan ta ci gaba da karyewa. Can ƙasa, a zaɓe na 16, Utah ta ɗauki wani siririn madugu mai ƙafa shida da inci ɗaya, John Stockton, wanda ya yi shekara 19 yana rabon ƙwallo har ya miƙa 15,806 da aka ci, ba wanda ya kama ƙafarsa har yanzu. Shi ne ma ya jefa ƙwallon ƙarshe da ta fitar da Houston da Olajuwon cikin 1997. Amma fa bai taɓa ɗaga kofi ba, kuma masu son dogo ba su gajiya da tuna wa mutane wannan.

Nasarar Olajuwon ta yi wa ƙasar nan rana, ta kuma yi mata wani irin lahani. Tun daga lokacin masu farautar 'yan wasa suka ɗauka cewa a kowane lungu na Nijeriya akwai wani Olajuwon yana jiran a gano shi, suka shigo da magwajin tsawo a aljihu. Abin da suka manta shi ne, ba tsawo ne ya yi Olajuwon ba. Dogaye irinsa sun yi yawa a zamaninsa. Ƙafafun mai tsaron gida ne da hannun ɗan ƙwallon hannu suka raba shi da saura, watau shekaru goma na wasa tun yana yaro, ko da yake ba wasan kwando ba ne.

Labarin marigayi Yinka Dare ya isa misali, kuma na gida ne, domin a Kano aka haife shi cikin 1972. Tsawonsa ƙafa bakwai, ƙarfi kamar na ɓauna, ya yi shekara biyu kacal a Jami'ar George Washington, ya taimaka mata ta shiga sahun ƙungiyoyi 16 na ƙarshe a gasar jami'o'i ta 1993. Ƙungiyar New Jersey ta ɗauke shi a zaɓe na 14 cikin 1994. A shekararsa ta farko minti uku kawai ya yi a fili gwiwa ta kwantar da shi. A ta biyu ya yi wasa 58 bai miƙa wa abokin wasa ƙwallon da aka ci ko guda ba. Da ya bar gasar bayan wasa 110, huɗu ke nan ya miƙa, ya zubar da 96. 'Yan jaridar Amurka sun yi ta yi masa ba'a da wannan lissafi har ya rasu cikin Janairun 2004 yana ɗan shekara 31, alhali laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. An ɗauko saurayin da ya fara wasa a makare, aka jefa shi cikin gogaggu, aka ce ya yi abin da ba a koya masa ba. Wani abin mamaki kuma, a wannan zaɓe na 1994 aka ɗauki madugu Jason Kidd a matsayi na biyu, kuma da ya koma New Jersey ɗin cikin 2001 shi ne ya kai ta wasan ƙarshe sau biyu a jere.

Shekara huɗu bayan Dare aka sake. Cikin 1998 ƙungiyar Clippers ta Los Angeles tana da zaɓen farko, kuma gardamar ta tsaya sosai tsakanin dogo da madugu, watau Michael Olowokandi, shi ma haifaffen Ikko da ya fara wasa yana gab da shekara ashirin, da kuma Mike Bibby, ɗan tsohon ɗan wasa, wanda ya tashi da ƙwallo a hannu. Suka ɗauki Olowokandi. Ya yi shekara tara bai taɓa zama abin da aka yi fata ba, Bibby ya yi 14 yana jan ayari, har ya kusa kai Sacramento wasan ƙarshe cikin 2002. Masu son madugu sukan tsaya a nan su tafa. Amma gaskiyar magana ita ce babbar asarar Clippers ba Bibby ba ne. A zaɓe na tara na wannan dare aka ɗauki Dirk Nowitzki na Jamus, wanda shi ma ƙafa bakwai ne, ya iya jifa daga nesa, ya kuma kawo wa Dallas kofi cikin 2011. Ashe ba ɗaukar dogo ne kuskuren ba. Ɗaukar tsawo tsirara ne, ba a tambayi abin da ke tare da shi ba. Hausawa dai sun riga sun ce dogo da hankali dace ne, ko da yake Olajuwon da Nowitzki suna iya kai ƙarar mai wannan magana.

Daga nan sai dokokin wasa suka fara karkata wajen madugu. An shata layin maki uku tun 1979, amma an daɗe ana ɗaukarsa abin wasan yara. Cikin 2004 aka tsananta hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai ƙwallo, sai gajeru masu sauri suka samu hanya kamar an buɗe musu ƙofar gari. Duk da haka tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu da wuri ba. Portland ta sake ɗaukar dogo mai ciwon ƙafa cikin 2007, Greg Oden, ta bar Kevin Durant. Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya, mai ƙafa bakwai da inci uku, a matsayi na biyu cikin 2009, aka bar Stephen Curry har zuwa na bakwai don ana ganin ya yi siriri. Curry ya ci kofi cikin 2015 da 2017 da 2018 da 2022, ya kuma mai da dogon da ba ya iya fitowa daga gindin kwando kaya a wuyan ƙungiyarsa, domin da zarar an janyo shi waje sai a wuce shi kamar turke. Ko cikin 2018 sai da Phoenix da Sacramento suka ɗauki dogaye biyu suka bar Luka Doncic, shi kuwa Shai Gilgeous-Alexander, gwarzon gasa na 2025, sai a na 11 aka tuna da shi.

Mai karatu zai zaci ke nan an gama, madugu ya ci. Ba a gama ba. Daga 2019 zuwa 2024 dogaye ne suka kwashe lambar gwarzon gasa gaba ɗaya: Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Nijeriya da aka haifa a Girka, sau biyu, Joel Embiid na Kamaru sau ɗaya, Nikola Jokic na Sabiya sau uku. Amma a dubi irin dogayen. Giannis shi yake ɗauko ƙwallo daga gida da kansa. Jokic, wanda ba a ɗauka ba sai a zaɓe na 41 cikin 2014, ya fi yawancin madugai iya rabo. Watau dogon da ya tsira a wannan zamani shi ne wanda ya koyi aikin madugu, kamar yadda Magic Johnson, mai ƙafa shida da inci tara, ya nuna tun 1979 ana ganin kamar shi kaɗai aka yi wa baiwar.

Mutumin da ya fi kowa a cikin 'yan ƙasar nan zama a kujerar wannan zaɓe shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, ya kuma ci moriyar Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya daɗe yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ya shugabanci sashen wasa na Denver daga 2010, ya koma Toronto cikin 2013, ya zauna har 2025. Abin da ya yi cikin 2016 ya cancanci a yi nazarinsa. Da zaɓe na tara ya ɗauki dogo, Jakob Poeltl na Ostiriya. Da na 27 ya ɗauki Pascal Siakam na Kamaru. Madugu kuwa, Fred VanVleet mai ƙafa shida, ba wanda ya zaɓe shi a daren nan cikin mutum 60, Toronto ta same shi a araha bayan an watse. Shekara uku bayan haka, a wasan da Toronto ta ɗauki kofi a hannun su Curry da ci 114 da 110, Siakam ya ci 26, tsohon madugu Kyle Lowry ya ci 26, VanVleet ya ci 22. Wannan ya goyi bayan masu cewa a fara kama dogo, madugu ana tsintarsa.

Cikin 2021 aka sake sa shi a tsaka mai wuya. Lowry yana shirin tafiya, Toronto tana da zaɓe na huɗu, kuma kusan kowa ya sakankance za ta ɗauki madugu Jalen Suggs ya gaje shi. Sai ta ɗauki Scottie Barnes, mai dogon hannu da iya rabon ƙwallo, magoya baya suka yi ta gunaguni. Barnes ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na 2022, gunaguni ya koma yabo. Amma labarin bai tsaya nan ba, domin Toronto ta cika fili da masu tsawo kusan ɗaya, VanVleet ya tafi Houston cikin 2023, wasa ya cushe, har a ƙarshen shekarar ta ba da O.G. Anunoby da Precious Achiuwa, dukkansu jinin Nijeriya, don ta samo madugu Immanuel Quickley da wani ɗan wasa daga New York. Madugun da aka ce ana tsinta, da aka rasa shi sai da aka saye shi da tsada.

In aka tattara wannan duka, ra'ayin wannan fili shi ne a manyan zaɓe kada a tambayi gurbin da ƙungiya ta rasa, domin wannan tambaya ce ta kai Portland ga Bowie. A ɗauki wanda ya fi iya wasa. In dogon yana da ƙafa lafiyayya, yana gudu, yana ganin abokan wasansa, to shi ne gaba, don irinsa ba ya zuwa kowace shekara, shi ya sa ba wanda ya yi gardama da San Antonio ta ɗauki Victor Wembanyama na Faransa cikin 2023. In kuwa abin da ake faɗa a kansa shi ne wai zai koya nan gaba, to a ɗauki madugu a kwana lafiya.

Sai dai a gida maganar ta sha bamban, kuma nan ne ya kamata hukumomin wasanni su buɗe kunne. A duba 'yan wasan da aka haifa a ƙasar nan aka kuma zaɓe su a NBA: Olajuwon, Dare, Olowokandi, Olumide Oyedeji, Ejike Ugboaja, Solomon Alabi haifaffen Kaduna, Festus Ezeli, Achiuwa, Udoka Azubuike, Charles Bassey. Kusan dukkansu masu zaman gindin kwando ne. A juya kuma a duba waɗanda suka riƙe wa ƙungiyoyin ƙasa ƙwallo. Ben Uzoh da Michael Umeh, waɗanda suke cikin tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya cikin 2015, a Houston aka haife su. Gabe Vincent, wanda ya ci 21 ranar da Nijeriya ta ka da Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta cikin Yulin 2021, shekara tara bayan Amurkan ta yi mata 156 da 73 a Landan, a Kalifoniya aka haife shi. Ezinne Kalu, wadda ta ja 'yan mata zuwa zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik na Faris cikin 2024, a New Jersey aka haife ta. Ƙasar nan tana fitar da dogaye kamar yadda take fitar da gyaɗa a da, sa'an nan ta aro madugu daga waje.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Dogo ana gano shi yana ɗan shekara 15 a tasha ko a kasuwa, a koya masa abin da ya samu, Amurka ta ƙarasa. Madugu kuwa ba a gano shi, rainonsa ake yi, sai ya yi shekara goma yana buga ƙwallo da hannun dama da na hagu, yana wasa da waɗanda suka girme shi, yana yin kuskure ana gyara masa. Wannan yana bukatar fili mai daɓe kusa da gida, da ƙwallo, da malami, da gasar makarantu da ba ta yankewa. Yaron da ya fara ganin kwando sai da ya shiga babbar sakandare ya riga ya makara ga wannan aiki, ko da basirarsa ta kai ta Stockton. Daɗin daɗawa, gasar ƙasa da ya kamata ta goge irin waɗannan yara ta sha tsayawa tun daga rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando na 2017, kuma madugu ba ya gogewa a zaune.

Saboda haka mai koyarwar nan da ya tsaya a Kwadon, lissafinsa ba irin na Houston ba ne. Zankalelen nan, in dai da gaske ya kai ƙafa bakwai, ba zai shekara biyu a Gombe ba, masu magwaji za su ji labarinsa su zo su ɗauke shi, kuma Allah ya ba shi sa'a. Gajeren ne zai zauna, shi ne zai haye da ƙwallo tsakiyar fili ranar da 'yan Kano Pillars suka matsa, shi ne kuma in an bar shi a bakin hanya ba wanda zai dawo nemansa. Abin da ya rage ga gwamnatin Jihar Gombe da ƙaramar hukumar Yamaltu Deba shi ne daɓen siminti mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, da allo biyu, a harabar makarantar firamare, inda yaro ɗan shekara takwas zai iya zuwa da ƙafa bayan la'asar.